Kwabo Mai Abarba

"Yaya, dubi abin da na tsinta!" Denzil ya ajiye wani baƙin kwabon jan ƙarfe a tafin hannun yayansa Cuthbert. A gindin doguwar sandar da ke tsakiyar tsohon jirgin kamun kifin babansu ya same shi, inda masassaƙa kan saka kwabo don neman sa'a.

Cuthbert ya gyara tabarau. Ya ga hoton abarba, ya ga shekarar 1788. Shekara da shekaru yana tara tsofaffin kuɗi a garinsu Speightstown yana mafarkin wannan kwabo, sai ga shi a hannun ƙanen da bai san komai ba sai kifi. Ya kuma san baƙin tsufan nan shi ne darajarsa. Duk wanda ya goge shi ya kashe masa kasuwa.

Ya taɓe baki. "Wa zai kalli wannan ƙazanta? Je ka dirje shi da lemun tsami da gishiri, sai ya yi ƙyalli."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni za ka koya wa sana'ata?"

Ranar Lahadi bayan coci, Denzil ya zo da ƙulli a hankici. Kwabon na walƙiya kamar sabuwar tukunya, abarbar duk ta ƙarje.

"Tun kafin in nuna maka, wani dillali a birnin Bridgetown ya taya shi kuɗin sabuwar komar kamun kifi, na ƙi," in ji shi, bakinsa har kunne. "Dama kai na ajiye wa. Na dirje shi yadda kake so. Barka da zagayowar ranar haihuwa, Yaya."