Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Ka ce ka kashe abin da ke rage nauyin hotuna a shafinka, Malam Lirwanu, don kada a taɓa maka kyan aiki. To, ja kujera. Ni ma na taɓa wannan taurin kai, sai da na ji labarin wani tsoho jikina ya yi sanyi.

Wani mai ɗaukar hoto ne ɗan arewa, ya tsufa a Ikko a kan sana'arsa. Wata rana yana kakkaɓe tsohuwar adaka sai ya ci karo da hoton mahaifiyarsu, wanda ya ɗauka da hannunsa tun yana saurayi, kuma ba ta da wani hoton a duniya sai shi. Yana da yaya mace a ƙauyensu, rabonta da fuskar nan tun ranar da aka yi wa tsohuwar sutura. Ciwon yanar ido ya kama ta, na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ke ɗan gani. Da ya gaya mata ta waya sai ta fashe da kuka, ta ce a nuna mata Inna tun da sauran haske.

'Yar tsohon irin aikinmu take yi, gina shafukan intanet. Ta kwafi hoton da na'ura, ya fito garau, har zaren bakin mayafi ana iya gani, sai dai nauyi kamar buhun gero. Ta ce za ta ɗora shi a shafin da ta gina masa, ta bar manhajar gini ta yi aikinta. Ai ka san aikin. Manhajar takan tattara hotunan shafi kaf, ta zubar da abin da ido ba ya gani a cikinsu, ta yanka kowanne gida uku, babba da matsakaici da ƙarami, ta ƙulle su wuri guda, sannan kowace waya ta zo a miƙa mata daidai abin da za ta iya ɗauka. Na asali kuma yana nan a ajiye, ba abin da ya same shi. Tsoho ya ce atafau. Shi da ya yi shekara arba'in yana faɗa da masu wanke hoto a kan launi, yau a ce za a tsame wani abu daga fuskar uwarsa? Ya hana a rage, ya hana a tura ta manhajar hira don ita ma matsewa take yi, na takarda kuwa ya ce sai Babbar Sallah zai kai da hannunsa a cikin gilashi. Ban ga laifin zuciyarsa ba, ƙauna ce ta sa shi. Ya dai manta da hanyar da hoton zai bi.

A ƙauyen nan sabis ba ya zuwa sai a kan tudun bayan rijiya. Wata maƙwabciya mai 'yar ƙaramar waya ta riƙe hannun tsohuwa, wato yayar tasa, suka hau. Hoto ya fara saukowa daga sama a hankali: zanar da ke bayan Inna, ƙullin ɗankwali, goshi. Nan ya tsaya cak. Suka jira har rana ta yi zafi, sabis ya ɗauke, suka sauko. Haka suka yi ta hawa tudun nan har damina ta yi nisa, kullum a goshi yake tsayawa. Duk sa'ad da ƙanen ya kira ya tambaya ko ta gani, sai kawaici ya hana ta kunyata shi a kan abin da yake alfahari da shi. Takan ce, "Na ga ɗankwalin nan, na gane shi sarai. Allah ya yi maka albarka." Ba ta yi ƙarya ba, shi kuma bai ji abin da ta rage ba, ya ajiye waya yana murna.

Maƙwabciyar ce ta gaji da ganin tsohuwa tana haki a kan tudu, ta kira 'yar tsohon ta faɗa mata gaskiya. Ita kuwa ba ta nemi izinin kowa ba, ta kunna abin da aka hana ta. Kafin a ce kwabo hoto ya buɗe a 'yar wayar nan, fuska ta fito cif, ba wanda zai ce an rage komai. Amma a makon nan idon dama ya gama rufewa. Tsohuwa ta kara wayar a fuskarta, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, haske kawai take gani.

Tsoho bai jira Sallah ba. Ya hau mota kwana biyu, ya iso ya zauna a gefen tabarmarta, ya kasa ɗaga kai. Ita ce ta lalubo hannunsa ta danƙa masa wayar, ta ce, "Kai da ka gani, faɗa mini. Tana dariya?" Ya ce, "Tana dariya, Yaya, har wushiryarta ta fito." Ta ɗora babban yatsa a kan gilashin tana shafawa a hankali, shi kuma yana gaya mata inda yatsan ya kai, nan kunci, nan haɓa, hawaye na zuba a gemunsa.

Don haka je ka kunna abin nan, Malam. Kai a ofis kake da sabis mai ƙarfi, mai jiran hotonka wataƙila a kan tudu yake. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.