Lambun da Ya Ɓuya a Bayan Ado

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma wanda ya fara ba ni labarin. Tsufa ya gutsure gefe da gefe ya bar mini tsakiya. Amma tsakiyar ce za ta amfane ka, kai da ka ce ka buɗe wa sana'arka shafi a intanet. Matso ka ji, labarin da daɗi!

An yi wani mai lambu a bakin fadama, sana'arsa renon dashe: mangwaro mai aure, gwaba, lemo, yazawa, kowanne tsaye cikin 'yar baƙar ledarsa. Dashe kuwa ba ya jiran kowa. In damina ta wuce bai bar lambu ba, saiwa ta huda leda ta kama ƙasa, wahalar shekara ta bi ruwa. Da ya ji ana ciniki ta waya sai ya sa aka buɗe masa shafi, ya rantse nasa sai ya fi na kowa kyau. Ya ɗauko wani gwani mai zanen jikin manyan motoci, ya sa ya rubuta masa komai a kan alluna, sunan kowace bishiya da kwatancen lambu da lambar waya, ga furanni, ga dawisu ya baza wutsiya. Aka ɗauki hotunan allunan manya-manya aka jera a shafin, aka sa kiɗan kalangu ya riƙa tarbar duk wanda ya shigo. Kai, mutumin nan har rawar kafaɗa yake yi in yana nuna wa abokansa a majalisa! Ruwa ya sauka, damina ta zauna, wayar ko tari ba ta yi ba. Kullum da safe sai ya ɗaga leda ɗaya ya leƙa gindinta, yana ganin farar saiwa ta fara leƙowa.

Ana nan sai ga wata hajiya manomiya ta tsaya da akori-kura a ƙofar lambun, tana neman ruwan da za ta yayyafa wa dashen da ta sayo daga nesa, duk ya yi yaushi a hanya. Da ta ɗaga ido ta ga lambu kore shar, sai ta dafe ƙirji. Ta ce, "Baba, kana nan a ƙarƙashin hancina na tafi uwa duniya?" Ya ce, "Hajiya, ai ina intanet!" Ya karanto mata adireshin, ta buɗe a wayarta. Shafi ya yi ta juyawa ya ƙi buɗewa, can sai kalangu ya ɓarke. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, biki na zo ko sayen mangwaro? Ni da na tashi saye, dashen mangwaro na rubuta a wurin bincike, da sunan yankinmu, naka bai fito ba. Injin binciken nan rubutu yake lalube, kamar makaho da sandarsa. Allunanka a wurinsa bango ne kawai."

Maganar ta shige shi. Bai yi fushi ba, zumbur ya miƙe! Ya koma wurin wanda ya buɗe masa shafin, ya tsaya a kansa. Aka kashe kalangu. Aka rage nauyin hotuna don su buɗe ko a ƙaramar waya, aka rubuta abin da ke cikin kowanne a ƙarƙashinsa. Kowace bishiya aka ware mata gurbinta, da sunan da mutane ke kiranta a kasuwa. Sunan gari da lambar waya suka hau can sama, inda ido ke fara sauka. Sannan ya zauna ya tuno tambayoyin da masu saye suka saba yi masa, yaushe ake dasawa, yaushe take fara 'ya'ya, wane taki take so, ya amsa su da bakinsa aka rubuta. Ba a ranar aka ga canji ba, don injin binciken ma sai ya zagayo ya sake lalube shafin. Amma wata safiya yana ban ruwa wayar ta yi ƙara, bai gama da wannan ba wani ya kira. Kafin ruwa ya ɗauke, motoci sun yi layi a bakin fadama, ledoji na fita da saiwarsu lafiya lau.

Wannan ƙarshen ban bar shi a ji-ta-ji-ta ba. A wata tasha, ina jiran mota ta cika, na roƙi wani fasinja ya rubuta kalmomin hajiyar nan a wayarsa. Lambun ya fito a shafin farko, ya buɗe kafin in gyara tabarau. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.