Motar Bature da Bijiman Barau

"Kawo bijiman huɗarka biyu, ka ɗauki mota," in ji Maiwada dillali.

"Na sallama," in ji Barau, yana shafa kujerar fata. Tsohuwar motar wani Baturen gyaɗa ce, duk Gaya babu irinta.

Ba a yi sati ba lagireto ya fara tafasa. Baƙin mai kuwa kamar a rariya ake zuba shi. Bakanike ya ce kayanta sai an aika Ikko. Gyaɗar rumbu ta tafi gyara, damina ta faɗi babu abin huɗa.

Ranar kasuwar Ajingi motar ta mutu a yashin Gafasa. Barau ya zauna gefen hanya ya rafka tagumi.

Sai ga Maiwada da bijiman nan.

"Malam Barau, a ja maka ne?"

"Wallahi ko sisi ba ni da shi."

"Haba, tsakaninmu? Tayoyin kawai za ka ba ni, amalankena ke so."

Bijiman suka ja ta har ƙofar gida, dama sun san hanya.

Maiwada ya tashi da shanu da tayoyi. Barau ya tashi da mota bisa duwatsu. Kajin matarsa Hure dai sun samu kujerar fata.