Takarda Mai Wata Uku

Baba malami ne a Jega, da hannu yake kwafe littattafai. Wata rana da la'asar ya ɗaga takarda saitin rana, ya ce, "Taho ki gani, ɗiyata." A jikinta na hango jinjirin wata uku.

"Da hannu aka yi ta, raƙuma suka kawo ta. Tun da Nasara suka kawo takardar kanti, ayari ya daina zuwa. Ita kaɗai ta rage mini."

Na kai hannu, na manta ƙuliƙuli nake ci. Maiƙo ya zauna daram a tsakiyarta.

Baba ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya ɗauki alƙalami ya kewaye shi da rubutu.

Littafin da ya sa takardar a ciki yana wurina. Har yau shafin nan nake fara buɗewa.