Kujerar da Ta Lotsa

Tun da aka hana ɗan Adam riƙe sitiyari, motoci suka koma tuƙa kansu, ba a ba kowa fetur sai ranar tseren motocin tarihi a Kaduna. Saboda wannan rana Lantana ta ƙarar da ƙuruciyarta a gareji tana tayar da fijon mahaifinta, wadda ya yi haya da ita tsakanin Kaduna da Zariya har ya koma ga Allah.

Da ranar ta zo, jami'in tantancewa na wurin tseren ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya taɓe baki.

"Hajiya, inji ya yi. Amma kujerar direba ta lotsa. Doka ta ce mota ta zo yadda ta fito daga kamfani. Ga sababbi can, na'ura ke ƙera su, ba a bambanta su da na asali."

"Wannan ce ta asali," in ji Lantana. "Bayan ubana ne ya lotsa ta. Wato jabu ne tarihi a wurinku, zaman mutum kuma datti?"

"Sai haƙuri. In ba a canja ba, babu fetur."

"Kai, ɗan nan, ka taɓa tuƙi?"

"Allah ya kiyaye," ya ce, kuma har zuciyarsa.

Lantana ta ja dogon tsaki. Ta saki birkin hannu, ta ci ɗamara da gyalenta, ta sa kafaɗa ta kama turi zuwa gida. A titi motocin zamani suka riƙa kauce mata shiru. Babu direba a cikinsu, balle wani ya leƙo ya ce mata sannu.