Daƙuwar Rebeka

Ban fi shekara takwas ba lokacin, muna haya a unguwar Abbasiya ni da kakata, Hausawan Sudan a tsakiyar Alƙahira. Bayan la'asar ne, Kaka tana dafa gahawa da citta, sai ga maƙwabciyarmu Rebeka, 'yar Kudancin Sudan, ta faɗo ɗakin ko sallama babu. Daga wurin jefa ƙuri'a take, wadda za a yanke ko Kudu ta zauna da Arewa ko ta ci gashin kanta. Ta ɗaga hannu ɗaya saitin fuskar Kaka, yatsu biyar a ware, ɗaya sharkaf da tawada.

Na zabura. "Kaka, daƙuwa ta yi miki!"

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a takardar ƙuri'ar, hannu biyu a haɗe na nufin zama tare, hannu ɗaya a buɗe rabuwa. Abin da ta zaɓa Rebeka take nuna mana.

Gabana ya faɗi. "To ta rabu da mu ke nan?"

Kaka ta kamo hannun nan ta damƙe cikin nata. "Ke ma da shirme! Ɗa yakan raba tukunya da gidan ubansa, amma ba a raba makwafta da aron gishiri. Maza, Rebeka, zauna ki sha."

Yau na girma, ƙasar ta zama biyu. Amma duk wanda ya watsa mini yatsu biyar, kafin raina ya ɓaci, ƙamshin citta nake fara ji.