Shekarar da Aka Ba Ɓaure

Laraba ta uku ke nan mutumin yana zuwa ɗakin nazari na coci, kuma kujerarsa ɗaya, ta ƙarshe kusa da ƙofa, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ba ya waƙa, ba ya buɗe littafi. Sai dai ya ɗora jakar takardu a cinya, ya dafe ta da hannu biyu, ya kafe Malama da ido.

Malama ta shekara ashirin da shida tana fassara wa jama'a misalan Yesu, kuma tana da salonta. Kafin ta buɗe baki sai ta bi fuskoki da kallo, ta zaɓi wanda take ganin dominsa aka yi misalin ranar, sannan ta karkata fassarar ta nufe shi. Telan unguwa yakan ce in Malama ta gyara tabarau, gara ka sunkuya kamar kana ɗaure takalmi. Ita kuwa ko a jikinta, don a ganinta misalin da bai soki kowa ba an yi asararsa.

Amma bana muryarta ta ragu. Autanta, makanike, yana gidan yari da hukuncin rataya a wuyansa, saboda ya buga wa abokin aikinsa ƙarfen kwance taya a gareji, yaron bai ƙara tashi ba. An dakatar da hukuncin na shekara guda don kwamitin afuwa ya duba halinsa, kuma jibi Juma'a shekarar za ta cika. Hawan jini bai bar ta ta je kotu ba, amma an kawo mata labari har gado: yayan mamacin, wani dogo mai furfura, ya miƙe ya rantse sai uwar mai kisan ta ɗanɗani abin da tasu uwar ta ɗanɗana.

Mutumin kujerar ƙarshe dogo ne, kansa fari fat.

Tun Larabar farko ta ce a ranta yayan mamacin ne ya biyo ta. Ta lura da baƙar motar da ke jiransa can bayan kantin magani, nesa da ƙofar coci, kamar ba a so a gan ta. Ta ga Fasto ya gaishe shi da hannu biyu, ta yi tsaki a ranta, don Fasto ko kura ce ta shigo da Littafi a hammata zai ba ta wurin zama. Abin da ke cikin jakar nan ne ya hana ta barci.

A wannan Laraba ta uku Fasto da kansa ya zaɓa mata misalin da za ta koyar, abin da bai taɓa yi ba: itacen ɓauren da ya shekara uku ba 'ya'ya, mai gona ya ce a sare, mai kula da lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki. Malama ta karanta, ta gyara tabarau, ta dubi kujerar ƙarshe. Tsoro ne fal cikinta, ta kuwa yanke shawarar ita ma sai ta tsorata shi. Mai yawo da mugun nufi a jaka ya kamata ya ji cewa haƙurin Allah yana da iyaka.

Ta bar zancen taki, ta bar zancen roƙo, ta kama gatari ta riƙe. Kusan rabin awa tana sara. Tela ya sunkuya.

Sai mutumin ya ɗaga hannu. Karo na farko ke nan da aka ji muryarsa, a sanyaye take, irin ta wanda ya gaji.

"Mama, misalin bai faɗi abin da ya faru da shekarar ta cika ba. In mai lambun ya dawo ya sake roƙo fa?"

"Wasa yake da mai gona," in ji ta. "Shekara guda aka ce. Wanda aka yi wa jinkiri ya ɗauka an manta da shi ne, to, gatari na nan a jingine."

"Ko da an fara ganin ɗan toho?"

"Toho ba 'ya'ya ba ne, ɗana."

Ya murza bakin jakar da yatsunsa. Sannan ya dube ta ido cikin ido.

"Ko da ke kika shuka itacen, Mama?"

Ta ce a ranta ga barazanar ta fito fili. Amma Malama ba ta taɓa ja da baya a gaban ajinta ba, ba kuma za ta fara yau ba. Ta dafa tebur.

"Ko ni na shuka shi, a sare."

Mutumin ya daɗe yana kallonta. Ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce ta sauke masa nauyin da ya hana shi sakat. Ya fita, ba a jima ba aka ji tashin mota.

Ta zauna tana haki, tana gode wa Allah da ya ba ta bakin korar mugu. Ana cikin tattara kujeru Fasto ya shigo daga ofishinsa yana murza hannu, fuskarsa cike da fara'a, ya durƙusa gefen kujerarta.

"Mama, yaya kuka yi da baƙona? Ban gaya miki ba ne don kada a ce mun haɗa baki. Shugaban kwamitin afuwa ne, ƙuri'arsu ta yi kunnen doki, tasa kaɗai ta rage, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji yadda uwar yaron za ta fassara misalin nan da bakinta."